Fankar Yaya da Zagin da Ya Bari

Ga Allah muke, kuma gare shi Yaya ya riga mu komawa, a tsakiyar bazara, a gidanshi na Agiye. Ni ce autar ɗakinmu, yanzu kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda Inna ta haifa. Don haka ni aka zaunar a tsakar gida kusa da matarshi, mata na shigowa suna yi mana gaisuwa. Maza suna can ƙofar gida a kan tabarmi, muna jin muryoyinsu ta kan katanga.

Ban san ana zuba ƙarya haka a gidan mutuwa ba sai ranar. Wata ta shigo tana share ido ta ce, "Allah ya jiƙan direban jirgi." Ta bayanta ta ce ai shi ya kai uwarta Makka da hannunshi. Ta kan katanga na ji wani dattijo yana rantsuwa wai ya taɓa ganin Yaya ya leƙo ta tagar jirgi a saman gonarshi, har ya ɗago mashi hannu. Matarmu, wato matar Yaya, ta cusa kai cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Mata suka ɗauka kuka ne, suka yi ta ba ta haƙuri. Ni da ke jikinta na san dariya take dannewa.

Bari in gyara zancen tun da wuri, don shi ba ya son a ɗora mashi abin da ba nashi ba. Yaya bai taɓa tuƙa jirgi ba. Kai, ko tashi a cikinshi bai taɓa yi ba. Ƙuruciyarshi duka a filin jirgi na Yamai ta ƙare, yana shiga jirage suna ƙasa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin kujerar matuƙi da 'yar fitila a baki. Da an fara maganar tashi, shi ne na farkon sauka.

Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba ranar, shi ne ɗan Kawu, maƙerin Gazawa. Ubanshi da Innarmu ciki ɗaya suka fito, ka ga ke nan taubashinmu ne, ni da Yaya duka. Kowa ya san in dattijo ya cika da shekaru ya tafi, taubashi ne ke sassauta wa mutane zuciya. Ana ta satar kallonshi, ana jira ya ce bawanshi ya gudu bai sallame shi ba. Bai ce ba. Ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo, hannuwanshi a kan gwiwa. Da la'asar ya aiko a kira ni zaure.

"Auta," ya ce, "bai bar mini magana ba?"

"Wace irin magana?"

"Ko wace iri. Ko 'yar ƙanƙanuwa. Ko baƙin maƙeri ya ce mini."

Na ce mashi ya dawo ranar sadakar uku. Ya dube ni ya ga ba zan ƙara ba, ya sa takalmi ya fita. Raina ya sosu ƙwarai, don damina ta wuce wata ta biyo, Yaya bai zagi mutumin nan ba, kuma abin na cin shi kamar ciwo. Akwai saƙo a bakina, amma mai saƙon ya sa mini rana. Sai na fara gaya maku wane ne Yaya kafin ku gane yadda rashin zagi ke hana tsoho cin tuwo.

Abin da Yaya ya ƙware a kai ɗan ƙaramin abu ne. A gaban matuƙi akwai rediyo da agogai da na'urorin da ke gaya mashi inda yake da inda ya dosa, duk a cushe wuri ɗaya kamar kwanoni a kabad. Suna aiki suna ɗaukar zafi, in zafin ya yi yawa sai su fara ƙarya ko su yi shiru gaba ɗaya, alhali jirgi yana sama. Shi ya sa ake ɓoye 'yan fankoki a bayansu suna hura masu iska. Kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba, amma gudun juyawarta ya wuce hankali. In ta tashi ba ka ganin fukafukanta, sai dai ka ji wani siririn kuka mai shiga haƙori. Su ne Yaya ke cirewa, ya duba, ya saurara, ya mayar ko ya canza.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, ya zo da guda. Ba sata ya yi ba, na faɗa ne saboda masu dogon baki. Wa'adin aikinta ne ya cika aka cire ta za a jefar, ya roƙi mai gidanshi na wurin aiki ya bar mashi. Lafiyarta lau. Da na tambaye shi dalilin da za a jefar da abu mai lafiya, sai ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Auta, a jirgi ba a jiran abu ya mutu kafin a cire shi. Can sama babu gefen hanya da za ka tsaya ka buɗe gaban mota."

To, wannan magana ita ce ta addabi gidan har ya bar duniya. Igiyar guga tana da sauranta, Yaya ya canza ta. Tayar amalanke ba ta ce komai ba, Yaya ya cire ta. Ludayin matarmu da ta saba da shi tun tana amarya, ya ɗaga shi a rana ya ce ya ga tsaga, ya jefa shi bayan rumbu. Ranar ta fito da zani a ɗamare ta ce, "Malam, ni ma ka duba ni, ko wa'adina ya cika." Ya karkata kai kamar mai sauraro, ya ce, "A'a, ke muryarki lau take, har ta yi yawa."

Fankar kuwa tana cikin gwangwani, naɗe da farin ƙyalle, a 'yar rumfarshi ta gyaran rediyo da ke jikin zaure. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan share wurin, ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ya haɗa batiran mota biyu a jere, ya jona ta. Sai ta ɗauki kukanta, awaki su miƙe, jikoki su toshe kunne. Shi kuma ya ɗauki turnabis, abin kwance kusoshi, ya ɗora tsinin a jikinta, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. In ka ga fuskarshi a lokacin sai ka ce wani albishir ake raɗa mashi. Can sai ya cire waya ya ce, "Ƙalau take," ya naɗe ta ya mayar.

Baƙo in ya ga fanka a wannan zafi namu, sai ya matso da fuska yana neman iska. Yaya ya ture shi. "Ba don mutum aka yi ta ba. Kai in ka ji zafi kana da ƙafa, ka shiga inuwa. Ƙarfe ba ya iya cewa wayyo." Tausayin ƙarfe ya yi mashi yawa. In ya ga an bar waya a rana ana caji, sai ya tsaya ya ɗauke ta ya sa a inuwa, ko ta waye. Na'urar lasifikar masallacin unguwa ta kasance tana ɗaukewa a tsakiyar kiran sallar azahar, ladan na ta ihu shi kaɗai a ciki. Yaya ya nemo fankar wata matacciyar na'ura a kasuwa ya ɗaura mata a baya, ya huda wa akwatin ƙofofin iska. Tun daga nan ba wanda ya sake samun hujjar makara a unguwar, kuma akwai waɗanda ba su gode mashi ba.

Kada ku ce kunnen nan nashi ba ya kuskure. Ya taɓa zuwa wurin mai injin niƙa, ba a kira shi ba, ya manna turnabis a jikin injin ya ce ba zai kai kaka ba. Injin nan yana nan yana niƙa har yau. Mai niƙan ya zo gaisuwa, yana hawaye yana cewa, "Baba ya ce injina zai mutu, ga shi ya riga shi." Duk kakar duniya sai Yaya ya wuce ta wurin ya ce mashi, "Bana ce dai."

Ni kuwa abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da mai gidana ya rasu a Gazawa. Sannan Yaya yana aiki, ya hawo mota tun daga Yamai. Bai iya maganar ba da haƙuri ba, bai ma gwada ba. Ya gaishe ni, ya tuɓe babbar riga, ya shiga bin gidan. Ya gyara ƙofar da ke ja a ƙasa, ya ɗaure ƙafar gadona, ya tada rediyon marigayi da ya daɗe a mace, ya liƙe butar da ke yoyo. Da ya ga babu sauran abin gyara, ya tsaya a ƙofar ɗakina yana juya hula a hannu, ya ce, "Auta, in wani abu ya fara ƙara, ki aiko." Na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko, shi kuma ya gudu tasha.

Mutum mai ƙarancin magana irin wannan, a wuri ɗaya kaɗai bakinshi ke kwancewa, wato in ɗan Kawu ya zo. Duk ranar kasuwar Agiye maƙerin nan kan zo da hauyoyi da gatura da laujuna, in ya tashi daga kasuwa sai gidan Yaya. Tun daga bakin hanya za ka ji shi.

"Ina bawan nan nawa? Fito ka karɓi kayan ubangijinka."

Yaya daga rumfa, ko ɗago kai ba ya yi: "Wa ya bar ƙofa buɗe hayaƙi ya shigo? Ku kawo ruwa, gawayi ya yi ƙafa."

Haka za su yi ta yi, kowa na cewa ɗayan ne bawa, har su cinye tuwo a kwano ɗaya. Ɗan Kawu ya ce Yaya ya tafi birni ya koyo shafa ƙarfe kamar mai lallashin jariri. Yaya ya ce maƙeri bai san wata dabara ba sai duka, ko agogo ka ba shi guduma zai nema. Matarmu takan ce ranar kasuwa ce kaɗai take ganin haƙoran mijinta na ciki.

Sai tsufa ya kama kafaɗar ɗan Kawu. Ƙira aikin mutum biyu ce, ɗaya na zuga wuta da zugazugi, ɗaya na duka. 'Ya'yanshi sun watse neman abinci, jikoki suna lakol, wato makarantar boko, kuma ni da na yi rayuwata ina koyarwa ba zan ce a fiddo su ba. Ya koma yana zuga da kanshi, ya saki ya ɗauki guduma, kafin ya yi duka mai kyau ƙarfe ya huce. Wata ranar kasuwa ya zauna a rumfar Yaya, ya ajiye wasa gefe ya ce a ba shi fankar nan ta riƙa hura mashi wuta, tunda zaman banza take yi a gwangwani. Yaya ma ya ajiye wasa ya ce a'a. Ya ce a cikinta akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe ƙanana kamar ƙwayar gero, a rufe da nasu man na musamman, a kansu take juyawa. Toka in ta shiga wurin, ta gama da ita.

Ɗan Kawu ya ji, amma da kunnen taubashi ya ji. Kun san al'adar: taubashi in ya ga abinka ya ɗauka, ba ka da bakin ƙara, sai dai ka fanshe ko ka rama. Kasuwa ta zagayo, Yaya ya tafi gona, maƙeri ya shiga rumfa ya ɗauke fankar, ya naɗe ƙaton gawayi a farin ƙyallen ya mayar cikin gwangwani. Matarmu tana kallo tana dariya, har da ba shi jaka.

Abin da ya biyo baya a gabana aka yi, don maƙerarshi ba ta da nisa da gidana. Ya samo batira wurin mai cajin waya, ya kafa fankar daidai bakin ramin wuta, inda bakin zugazugi ke shiga. Jama'a, ban taɓa ganin wuta irin ta ranar ba. Gawayi ya yi fari, ƙarfe ya yi laushi nan da nan, unguwa ta taru. Tsohon nan yana duka yana rawa, yana cewa a gaya wa bawanshi na Agiye yau jirgi ya sauka a Gazawa. Har ni na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Kukanta ne ya dame shi. A saninshi, da sanin duk wanda ya tashi a ƙasar nan, abin da ke kuka mai yake so. Ƙofa in ta yi ƙara mai ake sa mata, haka tayar amalanke, haka keken ɗinki. Ya ce wa kanshi Yaya rowa ce ta hana shi shayar da 'yar baiwar Allah, shekara da shekaru tana tsuwa. Ya aika aka sawo man gyaɗa, kuma don girmamawa bai yarda da na suya ba, sai sabon tatsa mai ƙamshi. Ya ɗiɗɗiga mata ta ko'ina har ta ƙoshi. Mai ya haɗu da toka ya zama taɓo. Muryarta ta koma gurnani, maƙera ta ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli, can ta yi tari ta tsaya.

Ya kai wa Yaya ita da kanshi ranar kasuwa. Na bi shi, don ba zan bari wannan kallo ya wuce ni ba. A mota yana ta washe baki, yana cewa yau zai sha zagin da zai ishe shi har kaka. Yaya ya karɓi fankar, ya juya ta da yatsa, ya kai kunne, ya kai hanci. Ya daɗe. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya miƙe ya shiga gida, ya fito da sabuwar tabarma ta baƙi ya shimfiɗa.

"Sannu da zuwa, Malam," ya ce. "Bismilla, zauna. Ya hanya? Ya iyali? A kawo wa Malam ruwa a kofin baƙi."

Na ga murmushin ɗan Kawu ya bushe a fuskarshi. Da Yaya ya ɗaga guduma ya sauke mashi a ka, da ya fi mashi sauƙi.

Haka aka ci gaba. Duk ranar kasuwa maƙeri ya zo da sabon zagi da ya kwana yana ƙerawa, Yaya ya tarbe shi da "Ranka ya daɗe." Ya sace takalman Yaya a ƙofar masallaci, Yaya ya taka gida ba takalmi a wannan rairayi mai zafi, ya aika mashi da gaisuwa, wai Allah ya sa su yi mashi daidai. Ya kwance akuyar Yaya ya tafi da ita Gazawa, washegari Yaya ya aika mashi da ɗanta da turken, wai kada a raba uwa da ɗa. Ɗan Kawu ya dawo da su duka, a ƙafa, yana jan su kamar mai zuwa biko. Ni na ninka nawa zagin don in rage mashi zafi, tunda ni ma taubashiyarshi ce. Ya ce, "Naki ruwa-ruwa ne, Auta, ba ya riƙe ciki."

Na gaji na je na sami Yaya. Ni ba na iya ɓoye fushi, kowa ya sani.

"Yaya, a kan ƙarfe za ka yanke zumunci?"

"Na yanke? Duk garin nan wa nake gaisarwa kamar shi?"

"Ai shi ne yankan. Tsoho ya rame, ya koma zuga da kafaɗa ɗaya, manoma na kawo aiki yana mayarwa, kai kana nan kana shimfiɗa mashi tabarma."

Ya ci gaba da goge wata waya. Can ya ce, "Ba fankar ba ce kaɗai, Auta. Tun muna yara ban taɓa yi mashi magana da gaske ba sai sau ɗaya. Na ce mashi a'a, na gaya mashi dalili. Ya mayar da ita wasa." Na ce to ai wasan kuka saba, ta ina zai gane? Ya ce in tashi in ba shi wuri, ina tare mashi haske.

Bayan nan ya fara yawan zuwa Maraɗi. Mun ɗauka likita yake gani saboda ƙafarshi da ke kumbura. Matarmu ce ta fara ƙorafi, wai ya kulle kanshi a rumfa da gwangwanayen madara da almakashin kwano, kuma ya yanke mata gefen mayafi mai shara-shara bai ce komai ba. Ta ce tsufa ya fara taɓa shi. Ni ma haka na ɗauka.

Da ciwo ya kwantar da shi na dawo Agiye jinya. Wata safiya ya ce in jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ga fankar a ciki, an yi mata gida da gwangwani. A bakin da take shaƙar iska an ɗaure mayafin matarmu ninki-ninki don ya tace ƙura. A ɗaya bakin akwai dogon bututu, yadda za a ajiye ta nesa da toka iskar kaɗai ta je wurin wuta, da wani ɗan marfi da ake turawa a rage ƙarfin iskar. Ashe zuwa Maraɗin nan 'yan ƙwallayen yake nema, rumfa-rumfa, cikin matattun injuna, har ya samu masu shiga. Ya ce ba irin na jirgi ba ne, ba za ta ƙara yin muryar da ba. "Yanzu muryar maƙera gare ta," ya ce, "sai ta tafi wurin danginta."

Na ce alhamdu lillahi, bari in aika a kira maƙerin. Ya ce kul.

Ranar ma sai ga ɗan Kawu ya zo dubiya. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Bawana, kwanciyar me kake yi, aiki na jiranka?" Yaya ya dube shi, na ga leɓenshi na motsi, na ga zagin ya zo har bakin haƙori. Sai ya ce, "Na gode, Malam. Allah ya ba da lada." Tsohon ya tashi ya fita yana dafa bango.

Ban san lokacin da na fara faɗa da marar lafiya ba. Na ce mashi taurin kan nan nashi ko jakin kasuwa bai kai shi ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ke ba ki san shi ba. In na zage shi ina kwance haka, zai gane sallama nake yi. Zai faɗo mini a ƙirji yana kuka, da wannan majinar tashi. Ni ba zan iya ba, Auta. In na tashi, ni zan kai mashi ranar kasuwa in wanke shi tas a gaban mutane. In ban tashi ba, ke za ki yi." Sai ya faɗi saƙon, ya sa na yi ta maimaitawa kamar yadda nake sa 'yan aji, yana gyara mini inda na sassauta. Ya ce sai ranar uku, bayan an shafa fatiha, a gaban kowa, kuma kada in rage ko kalma don kunyar liman. Bai tashi ba.

Ranar uku ƙofar gida ta cika. Aka yi addu'a aka shafa, aka fara raba waina. Na yafa mayafi na ɗauki kwalin na fito har tsakiyar maza, abin da ban taɓa yi ba. Kowa ya juyo yana kallona. Ɗan Kawu yana can bakin tabarma inda ya zauna ranar farko. Na dire kwalin a gabanshi, na buɗe, na ce liman ya yi mini afuwa, saƙon mamaci ne, ba nawa ba. Na ɗauko muryar aji na fara.

"Yaya ya ce a gaya wa baƙin maƙerin Gazawa, mai kai kamar gindin turmi, wanda bai san bambancin jirgin sama da kaskon ƙosai ba, ga fanka nan ya ba shi sadaka, don bawa ba ya gado. Ya ce ka ajiye ta nesa da wannan ƙazamar tokar taka, ka wanke ƙyallen duk Juma'a, tunda kai ba ka wanka. Ya ce in ka sake kusantar ta da man gyaɗa, ko a mafarki, zai sani. Ya ce ya riga ka tafiya don haka aka saba, ubangida a gaba, bawa a baya da kaya. Kuma kada ka yi sauri, bai gama hutawa da warin gawayinka ba."

Wani ya fara ƙyaƙyatawa a baya, sai wurin ya ɓarke. Liman ya rufe baki da gefen rawani. Daga cikin gida na ji matarmu, wannan karon ba ta danne ba. Ɗan Kawu kuwa bai taɓa kwalin ba. Ya ɗago yana dubana, ruwa na bin tsagar fuskarshi yana shiga gemu, baki kuma a washe.

"Auta, wurin gindin turmin nan, shi ya faɗa ko ke kika ƙara?"

"Shi ya faɗa. Ni ma na ce ya yi yawa, ya ce in na cire bai yafe ba."

"Sake faɗa mini tun daga farko."

Na sake, yana gyaɗa kai a kowace gaɓa kamar mai karɓar karatu. Da na gama ya goge fuska da hannun riga, ya jawo kwanon wainar da ke gaban wani ya cinye uku a jere, don rabon shi da abincin kirki tun ranar rasuwa. Sannan ya ɗaga tafukan nan nashi masu kanta sama, ya ce da ƙarfi yadda har na cikin gida za su ji:

"Ya Allah, ga bawana nan ya zo maka. Rowa gare shi, ga taurin kai, amma ka yi haƙuri da shi kamar yadda na yi. Ka sanyaya mashi makwanci, ka ajiye mini wuri kusa da shi, don ban rama ba."

Muka ce amin. Samari suka taso za su ɗaukar mashi kwalin, ya buge masu hannu, ya ɗora shi a ka da kanshi ya nufi tasha.